Bryan Shelton: ɗan wasan tsaka-tsaki da ya zama gagarabadau a horar da 'yan jami'a

A makon farko na gasar tanis ta Wimbledon ta 1994 Jamusawa sun sha kunya sau biyu a jere. Steffi Graf, mai riƙe da kambin mata, ta faɗi tun a zagayen farko a hannun Lori McNeil. Mutane ba su gama riƙe baki ba sai ga Michael Stich, zakaran 1991 kuma mutum na biyu da ake sa ran zai ɗauki kofin, shi ma ya saɓa jakarsa ya kama hanyar gida. Wanda ya sallame shi Ba'amurke ne baƙar fata mai shekara 28, Bryan Shelton, na 120 a jerin 'yan tanis na duniya, wanda sai da ya bi ta wasannin share fage kafin ma ya samu gurbi. Zubi uku a jere ya yi masa, 6-3, 6-3, 6-4. Wani abin sha'awa kuma, McNeil da Shelton sun san juna sarai, domin shekara biyu kafin nan su biyun ne suka kai wasan ƙarshe na gamin mace da namiji a gasar Faransa.

Shelton ya kai zagaye na huɗu, inda Christian Bergström ɗan Suwidin ya tare shi bayan zubi biyar, na ƙarshen ya tashi 10-8. Iyakar nisan da ya taɓa yi ke nan a manyan gasanni huɗu na duniya. Da a nan labarinsa ya tsaya, da yanzu sai tsofaffin 'yan kallo kaɗai za su iya tuno sunansa. To amma bayan ya ajiye raket ne ya yi abin da babu wanda ya riga shi: ya ci kofin jami'o'in Amurka na rukunin farko da ƙungiyar mata, ya sauya makaranta, ya sake cinsa da ƙungiyar maza. Daga baya kuma, yana tsakiyar cin moriyar wannan suna, ya ajiye aikin ya bi ɗansa yawon duniya.

Abin da ya ja hankalina a lamarinsa lissafin shekaru ne. Kofin farko a kakarsa ta takwas ya zo, na biyu a kakarsa ta tara. Mutum ne da bai taɓa samun komai da wuri ba, kuma wannan jinkirin shi ya mayar da shi jarinsa.

Digiri tukuna, sannan yawon gasa

An haifi Shelton ranar 22 ga Disamba 1965 a Huntsville ta jihar Alabama, garin da ya yi suna da cibiyar ƙera rokoki ta hukumar NASA. Ya buga wa Georgia Tech da ke Atlanta wasa daga 1985 zuwa 1988, ya karɓi digirinsa na injiniyancin masana'antu a 1989. Wannan fanni, a taƙaice, ilimin tsara aiki ne: yadda za a jera mutane da lokaci da kaya don kada a yi asarar ko ɗaya. A riƙe wannan a rai, zai yi amfani nan gaba.

A shekarar da ya shiga sahun ƙwararru yana da shekara 23, a shekarar ce Michael Chang ya ci gasar Faransa yana da 17. Shekara mai zuwa Pete Sampras ya ɗauki gasar Amurka yana da 19. Ga Andre Agassi, ga Jim Courier, duk ƙannensa a haihuwa, duk sun yi masa fintinkau tun kafin ya gama sanin hanyar filayen jirgi. A lokacin nan wanda ya zauna jami'a shekara huɗu kallon wanda ya makara ake yi masa.

Duk da haka ya tsinci rabonsa. Filin ciyawa ya fi karɓarsa, saboda yana da sabis (bugun da ake fara kowane maki da shi) mai ƙarfi kuma ba ya tsoron matsawa gaban raga. A Newport ta jihar Rhode Island, inda a wancan zamani ake yin wata ƙaramar gasar ciyawa a makon da ke bin Wimbledon, lokacin da manyan 'yan wasa ke hutun gajiya, ya ci kofi a 1991 bayan ya doke Javier Frana ɗan Ajantina, ya kuma kare shi a 1992 a kan Alex Antonitsch ɗan Ostiriya. Nasarar 1991 ta yi nauyi fiye da girman gasar, domin tun kofin ƙarshe da Arthur Ashe ya ci a 1978 babu wani Ba'amurke baƙar fata da ya ɗaga kofin wasan ɗaiɗai na maza a wannan mataki. A watan Maris na 1992 ya hau mataki na 55 a duniya, kuma bai taɓa wuce nan ba. Ya ƙara da kofuna biyu na wasan bibbiyu, na ƙarshen a Adelaide a 1997 tare da Patrick Rafter, sannan a shekarar ya yi ritaya.

Duk kuɗin kyautar da ya tara a sana'ar tasa ya ɗan haura dala miliyan 1.2. A kunne abin da yawa. Amma a raba shi gida tara, a cire tikitin jirgi, otal, abinci, igiyar raket, haraji, da ladan mai horarwa idan akwai, sai a ga ɗan wasa na hamsin da wani abu ma'aikaci ne kawai mai fita nema. Babu albashi a tanis. Ranar da aka fitar da kai a zagayen farko, ranar za ka fara neman jirgi mai araha zuwa gari na gaba. Shelton ya faɗi a wasanni fiye da waɗanda ya ci, kamar yawancin sa'o'insa na wannan aji. Ni a ganina wannan ce makarantar koyon horarwa da ya yi. Mai baiwa irin ta Sampras sau da yawa ba ya iya bayyana yadda yake yin abin da yake yi, hannunsa ne kawai ya sani. Wanda kuwa kowane maki sai ya yi gumi a kansa, dole ya san dalilin kowane motsi, ya san yadda ake kwana da shan kaye a wayi gari a koma atisaye.

Ya yi kamar shekara ɗaya da rabi yana koci a hukumar tanis ta Amurka, ya kuma yi aiki da MaliVai Washington, wanda ya buga wasan ƙarshe na Wimbledon a 1996. A tsakiyar 1999 tsohuwar makarantarsa ta kira shi ya karɓi ƙungiyar mata.

Aikin da ake kira kocin jami'a

Wanda ya saba kallon tanis a talabijin, ko ya taɓa zama a gasar Dala Hard Court a Kano, ya san wasan a matsayin na mutum ɗaya: kai da abokin karawarka, 'yan kallo sun yi tsit, alƙali na tsawatarwa idan an yi tari. Tanis ɗin jami'a a Amurka wata duniya ce daban. Makaranta ce ke karawa da makaranta. Ana fara wa da wasan bibbiyu a filaye uku, duk ƙungiyar da ta ci biyu ta samu maki ɗaya. Sai a shiga wasan ɗaiɗai a filaye shida a lokaci guda, kowane fili maki ɗaya. Wanda ya fara tara maki huɗu ya yi nasara, kuma a gasar ƙasa nan take ake dakatar da sauran wasannin, ko da wani yana daf da cin nasa. Ɗalibai na ihu, 'yan wasa na yi wa juna kirari daga fili zuwa fili, a shekarun baya-bayan nan ma idan aka yi kunnen doki a 40-40 ƙwallo ɗaya ce ke raba gardama.

Ma'anar wannan tsari ita ce makin ɗan wasa na shida daidai yake da na ɗan wasa na ɗaya. Kocin da ya tara hankalinsa a kan tauraronsa ya bar na ƙasa, zai ga tauraron ya ci wasansa ƙungiya kuma ta koma gida. Sannan an yarda koci ya shiga fili. Za ka gan shi tsugune kusa da benci a fili na uku yana magana ƙasa-ƙasa da yarinyar da ta rasa zubin farko, idonsa ɗaya na kan allon maki, yana lissafin ko ya zauna nan ko ya ruga fili na biyar inda abu ke neman lalacewa. Daƙiƙa casa'in yake da su a kowane sauyin gefe. Abin da zai faɗa dole ya zama gajere, kuma ya zama wanda yarinyar za ta iya aikatawa da hannun da ke rawa.

Wannan shi ne ɓangaren da ake gani. Wanda ba a gani ya fi yawa. A zamanin Shelton doka ta ba ƙungiyar mata guraben tallafin karatu takwas, ta maza kuwa huɗu da rabi, bambancin da ya samo asali daga dokar 1972 da ta tilasta wa makarantu daidaita damar wasanni tsakanin maza da mata. Kocin maza sai ya zauna ya yayyanka huɗu da rabin nan tsakanin yara goma ko fiye, wannan rabi, wancan kashi ɗaya bisa huɗu, kamar mai rabon gado. Atisaye da gasa kada su wuce awa 20 a mako a lokacin kaka. Ɗalibin da makinsa na aji ya faɗi ba zai buga ba, komai iyawarsa. Kowace shekara kuma manya na gamawa su tafi, don haka farautar sababbi ba ta ƙarewa: zuwa gasannin matasa, zama da iyaye a falonsu, kiran waya zuwa Turai da Kudancin Amurka, tunda fiye da rabin 'yan tanis na rukunin farko baƙi ne daga ƙetare. Ta wannan ƙofa ce Nduka Odizor, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a Legas, ya shiga Jami'ar Houston, daga can ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon ta 1983.

Shi ya sa sunan da mutum ya yi a fili ba ya ɗaukar masa wannan kaya. Steve Denton ya buga wasan ƙarshe na gasar Ostireliya sau biyu, 1981 da 1982, ya fi Shelton nisa ba kusa ba, ya kuma daɗe yana horar da maza a jami'ar Texas A&M ba tare da kofin ƙungiya na ƙasa ya shigo hannunsa ba. Tsohon suna na buɗe ƙofar falon iyaye, daga nan kuma sai abin da ka iya.

Shekara goma sha uku a Atlanta

Ƙungiyar matan Georgia Tech da Shelton ya tarar ba kowa ba ce a harkar. Makarantar ma kanta tana da wuyar tallatawa ga 'yar wasa. Jami'ar injiniyoyi ce, karatunta da zafi, kwasa-kwasan da ake fakewa a cikinsu don a samu lokacin wasa ba su da yawa. Yarinyar da Stanford ko Florida ko Georgia ke zawarci, me zai kai ta can? A nan digirin Shelton ya yi masa rana. Yana iya duban uwa ido cikin ido ya ce mata ya zauna a waɗannan azuzuwa, ya buga wa wannan makaranta, ya fita da takardarsa, kuma ya je Wimbledon. Gani ya kori ji.

A kakarsa ta farko ya kai su zagaye na biyu na gasar ƙasa. Daga nan aka shiga hawa a hankali, shekara bayan shekara, har 2005 da suka fara cin kofin rukuninsu na ACC, suka maimaita a 2006 da 2007. Babu wata dabara ta dare ɗaya a ciki. Yana samun yarinya ɗaya ko biyu masu kyau a shekara, irin su Kristi Miller, yana kuma ɗaga na tsakiya su zama masu kawo maki a fili na huɗu da na biyar da na shida.

A lokacin Stanford ce sarauniya. Ƙarƙashin Lele Forood, ita ma tsohuwar ƙwararriya, sun ci kofin ƙasa a 2004 da 2005 da 2006, sun jera wasa 89 ba a doke su ba. A watan Fabrairu na 2007, a gasar ƙasa ta cikin ɗaki, 'yan matan Shelton suka tsinke wannan igiya, suka wuce suka ɗauki kofin. Watan Mayu ya zo, gasar ƙasa ta faɗo a garin Athens, wato cikin gidan Jami'ar Georgia, babbar kishiyar Georgia Tech. Wanda ya san gabar da ke tsakanin makarantun nan biyu zai gane daɗin abin. A filin kishiya suka doke jami'ar UCLA ta Los Angeles da ci 4-2 a wasan ƙarshe. A makon ne kuma mazan Georgia, da John Isner a cikinsu, suka ci nasu kofin, sai jihar ta kwashe duka biyun.

Wannan shi ne kofin ƙungiya na farko da hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta taɓa miƙa wa Georgia Tech a kowane irin wasa. Makarantar na tinƙaho da kambunan ƙwallon Amurka, na ƙarshe a 1990, amma waɗannan ba hukumar ce ke bayar da su ba. Shekara ta gaba suka sake cin gasar cikin ɗaki, Amanda McDowell kuma ta zama zakarar wasan ɗaiɗai ta ƙasa. Irina Falconi, wadda daga baya ta shiga sahun ɗari na farko a duniya, ita ma ta hannunsa ta biyo.

Komawa gidan maza

A watan Yunin 2012 Jami'ar Florida da ke Gainesville ta ɗauke shi ya horar da maza. Akwai masu ganin kocin mata ba zai iya da samari ba, maganar da ba ta da tushe amma ana yinta, kuma a wannan karon ta manta cewa mutumin ya shekara tara yana karawa da maza a matakin ƙoli. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce Florida ba Georgia Tech ba ce. Akwai kuɗi, akwai rana kusan duk shekara, jihar cike take da makarantun koyon tanis, kuma ƙungiyar matansu ta riga ta tara kofunan ƙasa. Maza ne kawai ba su taɓa ci ba. Wanda aka ba irin wannan kaya ba a yi masa uzuri, kuma duk wanda zai yabi Shelton a kan abin da ya yi a can sai ya sa wannan gata a ma'auni.

Duk da gatan, shekara tara abin ya ɗauka. Sun yi ta cin kofin rukuninsu na SEC, sun kai wasan kusa da na ƙarshe a 2019 Texas ta fitar da su, 2020 kuma annobar korona ta sa aka soke gasar ana tsakiyar kaka. Na sha tunanin da kulob ɗin ƙwallon ƙafa ne a Ingila ko a nan gida, da an sauya koci uku kafin a kai shekara ta tara. Tanis ba ya kawo wa jami'a kuɗin shiga irin na ƙwallon Amurka ko na kwando, saboda haka idon 'yan jarida da na masu ba da gudunmawa ba ya kansa sosai. Rashin gatan ne ke saya wa kocinsa lokaci, kuma Shelton ya san abin yi da lokaci.

Gasar 2021 a Orlando aka yi ta, a cibiyar hukumar tanis ta ƙasa, tafiyar awa biyu daga Gainesville. Jami'ar Baylor ce abokiyar karawa a wasan ƙarshe, kuma ita ta fara cin makin bibbiyu. Ke nan Florida na buƙatar huɗu daga cikin filaye shida. Suka kawo uku, ido ya koma fili na biyar, inda wani ɗan aji ɗaya mai shekara 18, bahago, ya rasa zubin farko sannan ya juya wasan ya ci na biyu da na uku. Shi ya kawo maki na huɗu, aka tashi 4-1. Sunansa Ben Shelton, ɗan kocin. Kwanaki kaɗan bayan haka Sam Riffice, shi ma ɗan Florida, ya ɗauki kambin wasan ɗaiɗai.

Uba da ɗa a ƙungiya ɗaya

A nan lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin horar da ɗan cikinka a cikin 'ya'yan wasu jarrabawa ce da yawancin iyaye ke faɗuwa. Tarihin tanis cike yake da iyayen da suka ɗora wa yaro raket tun bai iya ɗaure takalmi ba, wasu suka yi nasara, da yawa suka bar ɓaraka a gida.

An haifi Ben ranar 9 ga Oktoba 2002 a Atlanta. Ta ko'ina gado ne, domin kawunsa na wajen uwa, marigayi Todd Witsken, shi ne ya fitar da Jimmy Connors a gasar Amurka ta 1986. Amma yaron ya taso ba ya son tanis. Ƙwallon Amurka ya fi so, yana buga matsayin mai jefa ƙwallo, kuma uban ya ƙyale shi. Sai da ya kai wajen shekara 12 ya juyo da kansa. A ma'aunin makarantun Florida, inda ake fara ɗan shekara biyar, wannan makara ce. Masu lura da wasa kuwa na danganta sabis ɗinsa na yau, wanda aka auna yana gudun mil 149 a awa a gasar Amurka ta 2023, da wancan jifa na ƙuruciya.

Da ya fara ƙarfi sai ya so fita ƙetare gasannin matasa, kamar yadda sa'o'insa ke yi don tara maki. Uban ya hana. Hujjarsa, kamar yadda su biyun suka sha ba da labari, ita ce tunda akwai waɗanda suka fi shi a cikin Amurka, babu dalilin ƙetare teku neman abokan karawa. Sakamakon haka Ben bai taɓa barin ƙasarsa ba sai da ya tafi Ostireliya a ƙarshen 2022, yana ɗan shekara 20. Wannan shawara ce ta mutumin da ya san kuɗin tikiti, ya kuma ga yadda yawon gasa ke cinye yara kafin ƙashinsu ya yi ƙwari. Sai dai a faɗi gaskiya, shawara ce da ba kowane uba zai iya bayarwa ba. Yaron da mahaifinsa ke riƙe da makullin filayen jami'a, yana atisaye da 'yan wasa manya duk yamma, bai rasa komai ba don bai je Turai ba.

Sanya shi a fili na biyar ma ba tawali'u kawai ba ne. Doka ta ce a jera 'yan wasa bisa ƙarfinsu, kuma kocin abokan hamayya na da ikon kai ƙara idan ya ga an ɓoye gwani a ƙasa don satar maki. A shekarar, Duarte Vale ɗan Fotugal da Riffice da Andy Andrade suna gabansa, kuma uban bai tsallake da shi ba. Ben ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa mahaifinsa ya fi tsananta masa fiye da kowa a ƙungiyar, don kada a ce ana son kai. Akwai rashin adalci a cikin wannan ma, tunda yaro na biyan kuɗin zargin da bai jawo ba, amma a ƙungiyar samari goma da ke ƙirga duk wani kallo da koci ya yi, da wuya a samu wata hanya.

Shekara ɗaya bayan haka Ben ya koma fili na ɗaya, ya ci kambin ɗaiɗai na ƙasa a 2022. A watan Agusta ya doke Casper Ruud, na biyar a duniya, a Cincinnati, ya bar makaranta ya zama ƙwararre bayan shekara biyu kacal. Uban da ya zauna shekara huɗu bai tsare shi ba. A Nuwamba ya ci ƙananan gasanni uku a jere ya shiga sahun ɗari na farko. A Janairun 2023 ya kai zagayen kwata fainal a gasar Ostireliya, ya hau mataki na 44. Cikin wata biyar ya wuce inda mahaifinsa ya tsaya a duk rayuwarsa.

Ajiye aiki

Daga nan sai ƙafa ta sarƙe. Bayan Ostireliya, Ben ya shiga filayen jar ƙasa na Turai da bai taɓa takawa ba, ya yi ta faɗuwa da wuri, wata bayan wata bai iya jera nasara biyu a gasa ɗaya ba. Uban na Gainesville da ƙungiyar da taurarinta suka gama suka watse, kakar ba ta yi armashi ba. A farkon Yunin 2023, yana da shekara 57, bayan shekara 24 a horar da 'yan jami'a, Bryan Shelton ya ajiye aiki don ya zama kocin ɗansa na dindindin. Florida ta ɗauko Adam Steinberg daga Michigan ya gaje shi.

Ba ƙaramin abu ya bari ba: albashi tabbatacce, gida a wuri ɗaya, kujerar da ba mai iya girgiza ta bayan kofin 2021. Kuma akwai waɗanda shawarar ta taɓa, wato yaran da ya zauna a falon iyayensu ya yi musu alkawarin shekara huɗu. Wannan ɗabi'ar harkar ce, kociyoyi na tafiya kullum, amma ga yaron da ya zaɓi makaranta saboda mutum ɗaya, sanin haka ba ya rage zafi.

Zuwansa bai gyara komai nan take ba. Ben ya ci gaba da tuntuɓe a kan ciyawa da kuma gasannin bazara na Amurka. Sai a New York abin ya buɗe, ya doke Frances Tiafoe ya kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Novak Djokovic ya tsayar da shi. A Oktoba ya ci kofinsa na farko a Tokyo, a Afrilun 2024 ya ci na Houston a kan jar ƙasa. Wani sauyin doka ma ya zo wa uban daidai: tun 2022 aka fara barin koci ya yi wa ɗan wasa magana daga wurin zamansa ana cikin wasa, abin da a zamanin Bryan laifi ne mai jawo tara. Tsofaffin kociyoyin ƙwararru sabon abu suke koya. Shi kuwa ya shekara ashirin da huɗu yana faɗar magana biyu masu amfani cikin daƙiƙa casa'in.

A Agustan 2025 Ben ya doke Karen Khachanov a wasan ƙarshe a Toronto, kofinsa mafi girma zuwa lokacin, aka ba shi cakin da ya haura dala miliyan ɗaya, kusan duk abin da uban ya tara a shekara tara. A shekarar ce kuma ya shiga sahun goma na farko a duniya.

Aikin bai ƙare ba, kuma kowa ya san inda ya rage. Mayar da sabis ɗin abokin karawa da bugun bayan hannu su ne raunin Ben, kuma manyan 'yan wasa can suke matsa masa. A Wimbledon ta 2024, shekara 30 cif bayan wasan Stich, ya kai zagaye na huɗu kamar mahaifinsa, Jannik Sinner ya fitar da shi. A Ostireliya ta 2025 ya kai wasan kusa da na ƙarshe, Sinner ya sake tare shi. A Wimbledon ta 2025 ya ƙara taki ɗaya ya kai kwata fainal, inda babu wani Shelton da ya taɓa kaiwa a wannan fili, ya tarar da Sinner ɗin dai na jiransa, aka tashi zubi uku babu ko ɗaya, uban na zaune a akwatin kociyoyi yana kallo.